Kora da Hali a Jami'o'in Amurka: Shari'ar Malamin da Ya Dawo Daga Jinya

Grace Hwang ta yi kimanin shekara 15 tana koyarwa a Jami'ar Jihar Kansas da ke Amurka, a kan kwantiragin da ake sabunta mata shekara-shekara. Ana dab da shiga sabon zangon karatu likitoci suka gano tana ɗauke da ciwon daji. Da farko jami'a ba ta yi mata rowa ba, ta ba ta hutun wata 6 da albashinta. Da wa'adin ya zo ƙarewa sai likitanta ya ce kada ta koma tukuna, domin garkuwar jikinta ba ta dawo ba, ga kuma annobar mura tana yawo a harabar makarantar. Ta roƙi a ƙara mata zuwa ƙarshen zangon, ta yi alkawarin komawa aji a zangon da ke biye. Jami'a ta ce ƙa'idarta wata 6 ce, ba daɗi ba ragi. Aikin ya tafi ke nan.

Ta kai ƙara, ta sha kaye, ta ɗaukaka. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Denver ta yanke hukunci, wanda ya rubuta shi kuwa shi ne Neil Gorsuch, mutumin da bayan shekara 3 ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka. Ga abin da ya ce a taƙaice: sauƙin da doka ta tilasta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci mai lalura, sauƙi ne da zai taimaka masa ya yi aikin, ba wanda zai ba shi damar barin aikin ba. Wanda ba zai iya aiki ba har fiye da wata 6, a mafi yawan lokuta doka ba ta ɗauke shi a matsayin mai iya riƙe muƙamin ba. Har ya ƙara da cewa ƙa'idar da ba ta lanƙwasuwa tana iya zama kariya ga marasa lafiya, tunda ba ta bar wa shugaba ƙofar fifita wani a kan wani ba. An sake tono wannan hukunci a 2017, lokacin da majalisar dattawa ke tantance shi.

Shari'ar Hwang mai sauƙin fahimta ce, domin an gaya mata a fili cewa hutu ya ƙare. Yawancin ƙararrakin da malaman jami'a ke kaiwa bayan jinya ba haka suke ba. Ba a cika korar malami ran da ya dawo daga asibiti ba. Jami'o'i suna da lauyoyi, sun san wannan ganganci ne. Abin da ake yi shi ne abin da Bahaushe ke kira kora da hali. Doka kuma, kamar yadda za mu gani, ta fi iya kama mai kora da baki.

Wanda ya saba da aikin gwamnati a wajenmu, inda ma'aikaci kan kwanta jinya albashinsa yana shiga, zai yi mamakin jin abin da dokar tarayya ta tanada a can. Dokar hutun jinya da kula da iyali, wadda ake taƙaita sunanta da FMLA, Bill Clinton ne ya sa mata hannu a watan Fabrairun 1993. Mako 12 ta bayar a shekara, kuma ba albashi. Abin da ta kare shi ne kujerar mutum da inshorar lafiyarsa: idan ya dawo dole a mayar da shi aikinsa ko makamancinsa a albashi da daraja. Ba kowa ta rufe ba. Sai wanda ya yi wata 12 a wurin, ya kuma yi aikin awa 1,250 a shekarar da ta gabata, a ma'aikatar da ke da mutum 50 a tsakanin mil 75. Idan ka ji malami ya sami hutun jinya da albashi, to daga ƙa'idar jami'arsa ne, ko yarjejeniyar ƙungiyar malamai, ko dokar jiharsa, irin su Kalifoniya da New York.

Doka ta biyu ita ce ta kare masu naƙasa, ADA, ta 1990. Ita ba ta ƙidaya makonni. Cewa ta yi duk mai ma'aikata 15 ko fiye kada ya nuna wariya ga mai lalura, kuma ya yi masa sauƙin da ya dace, sai fa idan sauƙin zai jawo wa ma'aikatar wahalar da ta wuce kima. Sauya lokacin lacca, mayar da aji zuwa ƙasan bene, rage zirga-zirga, har da ƙarin hutu kaɗan, duk suna iya shiga ciki. Amma hutun kwana nawa? Nan ake dambe. Hukumar tarayya mai kula da daidaito a wuraren aiki, EEOC, tana ganin a duba kowane mutum da halinsa. Kotun ɗaukaka ƙara da ke Chicago kuwa, a wani hukunci na 2017, ta ce hutun watanni bayan ƙarewar mako 12 ya fita daga hurumin dokar. Wato amsar ta danganta da yankin da jami'arka take. Akwai kuma ta uku, Sashe na 504 na wata doka ta 1973, wanda shi ma ya hana nuna wariya ga mai lalura, ya kuma ɗaure duk mai karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Kusan kowace jami'a tana karɓa, ta hanyar kuɗin bincike ko bashin karatun ɗalibai. Da wannan sashe Hwang ta yi ƙara. A riƙe shi, za mu dawo kansa.

Tun daga lissafin makonni matsalar ke somawa. Zangon karatu a can wajen mako 15 ne, hutun doka 12. Malamar da aka yi wa tiyata a farkon zango za ta dawo ta tarar kwas ɗinta yana hannun wani, jarrabawa ta ƙarato, ba wanda zai ce a ƙwace a mayar mata. To a sa ta me? Idan aka ce ta zauna har zango na gaba, da albashi ko babu? Idan aka ɗora mata aikin ofis, shin wannan ne "makamancin aikinta"? Kafin nan ma, tana kwance shugaban sashe yana aiko mata da saƙo: ga ɗalibinki na digirin digirgir zai kare kundinsa, ga makin da ba a shigar ba, ga wasiƙar shaida da ake jira. Kotuna sun yarda a kira mai hutu a tambaye shi inda ya ajiye wata takarda. Amma a sa shi ya yi aikin sosai yana hutu, wannan tauye haƙƙi ne, kuma malamai da yawa da kansu suke miƙa wuya, don kunya ko don tsoron abin da zai biyo baya.

Sannan ba duk malamai ne ɗaya ba. Akwai 'yan mowa akwai 'yan bora. A sama akwai waɗanda aka tabbatar a kujerar dindindin, waɗanda ba a iya sallama sai da babban dalili da dogon bincike. A tsakiya akwai masu shekarun gwaji. Tun 1940 ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka, AAUP, ta kafa al'adar cewa gwajin kada ya wuce shekara 7. Galibi a ta 6 ake baje takardun mutum, ko dai a tabbatar da shi ko a ba shi shekara guda ya tattara komatsansa. A ƙasa kuma akwai masu kwantiragin zango ko na shekara, waɗanda su ne mafi yawa: ƙididdigar ƙungiyar ta nuna a 2021 kashi 68 cikin 100 na malaman ba su kan hanyar kujerar dindindin. Malami mai cikakken lokaci, ƙa'idojin ma'aikatar ƙwadago sun ce jami'a ce za ta tabbatar bai cika awa 1,250 ba idan tana son hana shi hutun. Amma mai koyar da kwas biyu a nan, ɗaya a wata kwalejin, awanninsa a warwatse suke, babu inda ya cika. Shi ba a ma buƙatar korarsa. Zango na gaba sunansa ba ya cikin jadawali, shi ke nan.

Ƙarar da irin waɗannan malamai ke kaiwa takan zo da fuska uku a takarda ɗaya. Akwai cewa an hana ni haƙƙina na hutu ko an ƙi mayar da ni kujerata. Wannan bai buƙatar a san me ke zuciyar shugaba, ko an hana ko ba a hana ba. Akwai cewa an yi mini wariya saboda ciwona. Sai kuma ramuwar gayya, wato bi-ta-da-ƙulli saboda na ɗauki hutu, ko na nemi sauƙi, ko na kai koke. Ta ukun nan ita ce ta fi kowace yawa a koke-koken da EEOC ke karɓa, a wasu shekarun ma ta haura rabi. Dalilin a fili yake: mutum yana iya faɗuwa a kan zargin wariya amma ya ci shari'a a kan ramuwa, muddin ya yi kokensa na farko da zuciya ɗaya, bisa abin da mai hankali zai iya zarga. Sau da yawa jami'a ba ta yi laifi a karon farko ba, fushin da shugaban sashe ya yi da aka kai ƙararsa shi ne ya jefa ta cikin rami.

Me za a kira ramuwa? Amsar ta zo daga wajen da ba ruwansa da boko. Sheila White ma'aikaciya ce a wata tashar jiragen ƙasa a Memphis, tana tuƙa injin ɗaga kaya. Ta kai koken cin zarafi, sai aka ɗauke ta daga kan injin aka mayar da ita aikin gyaran layin dogo, daga baya aka dakatar da ita kwana 37 ba albashi. A 2006 Kotun Ƙoli ta ce ba sai an kori mutum ko an rage masa albashi ba. Duk matakin da zai iya sa ma'aikaci mai hankali ya ji tsoron kai koke, ramuwa ce. Wannan ma'auni ya yi wa malaman jami'a rana, domin hukuncinsu ba ya bayyana a takardar albashi. A ƙwace wa mutum ɗakin gwaje-gwajensa, a raba ɗalibansa ga wasu, a cire shi daga kwamitin da ake samun ƙarin girma ta cikinsa, a ɗora masa manyan azuzuwan 'yan shekarar farko da asuba alhali an san magungunansa ba sa barinsa tashi da wuri. A 2024 kuma, a shari'ar wata 'yar sanda mai suna Muldrow da birnin St. Louis, kotun ta sassauta ma'aunin a ɓangaren wariya: canjin wurin aiki ya isa a yi ƙara a kansa idan ya jawo wata illa, ba lallai babba ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. Ba shugaban tsangayar da zai rubuta cewa "mun hana ta saboda ciwonta". Don haka kotuna ke bin wani tsari mai hawa uku da aka kafa tun 1973 a shari'ar kamfanin McDonnell Douglas. Mai ƙara ya nuna alamun da za su sa a ce biri ya yi kama da mutum. Jami'a ta kawo dalilinta na halal. Sai nauyi ya koma kan mai ƙara ya tabbatar cewa dalilin nan fakewa aka yi da guzuma aka harbi karsana. A masana'anta wannan yana da sauƙi, a ƙidaya kayan da ya haɗa a kwatanta da na abokin aikinsa. A jami'a fa? Dalilin da ake kawowa shi ne "bincikenta bai kai ba", "maƙalunsa ba su fito a manyan mujallu ba", "ba ta da tasiri a fagenta". Alƙalai kuwa sun sha faɗa cewa su ba kwamitin tantance malamai ba ne, ba za su zauna su auna darajar maƙala a kan kimiyyar sinadarai ba. Ina ganin akwai gaskiya a wannan kawaici nasu, amma fa kawaicin ya zama bargon da kowane irin nufi ke iya shiga ƙarƙashinsa ya kwanta.

Dubi batun dakatar da agogon gwaji. Jami'o'i da yawa suna ƙara wa malamin da ya yi jinya ko haihuwa shekara guda kafin a tantance shi. A takarda adalci ne. Amma ran tantancewa, takardun suna zuwa hannun manyan malamai na wasu jami'o'i da ake neman ra'ayinsu, su kuma abin da suke gani shi ne shekara 7 da maƙala 8, sai su raba. Ba su san an yi wata 9 ana shan magani mai karya jiki ba, kuma bai kamata su sani ba, domin doka ta ce bayanan lafiyar ma'aikaci sirri ne. Malamin yana tsakanin gaba kura baya sayaki: ya yi shiru a ga giɓi a tarihinsa ba bayani, ya yi magana ya tallata ciwonsa ga mutanen da makomarsa ke hannunsu. Ƙa'idojin FMLA sun hana a lissafa hutun a matsayin naƙasu wajen ƙarin girma. To amma wa zai shiga kan mai jefa ƙuri'a ya ga ko ya lissafa?

Sai maganar lokaci. Babbar alamar da lauyoyi ke dogaro da ita ita ce kusanci: na dawo ranar kaza, bayan mako biyu aka yi mini kaza. A 2001 Kotun Ƙoli ta ce idan da kusanci kaɗai za a dogara, to sai ya kasance kusa ƙwarai, ta kuma ambaci hukunce-hukuncen da suka ce wata 3 ko 4 ya yi nisa. Jami'a kuwa ba ta gaggawa. Ana duba aikin malami sau ɗaya a shekara, ana sabunta kwantiragi sau ɗaya a shekara, tantancewar dindindin sau ɗaya ce a rayuwa. Mai riƙe da mutum a zuciya ba sai ya yi komai ba, jira kawai zai yi kalanda ta kawo masa shi. Wasu kotunan sun gane haka, suna karɓar hujjar cewa wannan ce damar farko da shugaban ya samu ta ramawa. Wasu ba sa karɓa.

Ga kuma yawan hannaye. Hukuncin tabbatar da malami yana bi ta kwamitin sashe, shugaban sashe, kwamitin tsangaya, shugaban tsangaya, har zuwa hukumar gudanarwa. Jami'a sai ta ce: ko da shugaban sashe yana da ƙulli, ai ba shi ya yanke ba, waɗanda suka yanke ba su ma san ta yi jinya ba. Lauyoyin can suna da suna ga wannan, suna ce masa hannun kyanwa, daga tatsuniyar birin da ya lallaɓi kyanwa ta ciro masa abin da ake gasawa a wuta, ita ta ƙone shi ya cinye. A 2011 Kotun Ƙoli ta yarda cewa idan mai mugun nufi ne ya shirya rahoton da na sama suka dogara da shi, ma'aikatar ba ta kuɓuta ba. Kuma takardun kwamiti ba su da tsarkin da za a ce ba a taɓa su. Rosalie Tung, malama a makarantar kasuwanci ta Wharton, an hana ta kujerar dindindin a 1985, ta kai koke, Jami'ar Pennsylvania ta ƙi miƙa wasiƙun tantancewa tana cewa 'yancin ilimi ne. A 1990 alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce a miƙa. Tun daga nan ake cin irin wannan shari'a ko a faɗi a kan abin da aka tono: imel ɗin da wani ya rubuta cewa sashe yana buƙatar "wanda za a iya dogaro da shi", ko takardun wani malami da aka tabbatar bara da maƙalun da ba su kai nata ba, ko rahoton shekara-shekara da yake ta yabo har zuwa shekarar ciwo sannan ya juye.

Ko an samu duk wannan, akwai tambayar nauyin dalili. Dakta Naiel Nassar, Musulmi ɗan asalin Masar, malami ne a makarantar likitanci ta Jami'ar Texas da ke Dallas. Ya ajiye aiki, ya rubuta wasiƙa yana zargin wata shugabarsa da ƙyamar Larabawa da Musulmi. Asibitin Parkland da ya yi masa tayin aiki ya janye bayan wani babba a jami'ar ya sa baki. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi diyyar da ta haura dala miliyan 3, alƙali ya rage ɓangaren da ba na albashi ba zuwa dala 300,000, wanda shi ne iyakar da doka ta sa wa manyan ma'aikatu. A 2013 Kotun Ƙoli, da rinjayen 5 da 4, ta soke hukuncin. Ta ce a ƙarar ramuwa bai isa a nuna fushi yana cikin dalilai ba, sai an nuna cewa ba don shi ba da abin bai faru ba. Shari'arsa ba ta jinya ba ce, amma ma'aunin ya bazu zuwa ƙararrakin masu lalura, kuma har yanzu kotunan ɗaukaka ƙara sun rabu a kan ko ya shafi hutun FMLA. Ga jami'a wannan garkuwa ce babba. Ai ba a rasa wani dalili na biyu a kan kowane malami.

Kada a ɗauka duk mai ƙara ne mai gaskiya. Akwai malamin da aikinsa ya riga ya lalace tun kafin ciwo, an yi masa gargaɗi a rubuce, ya ga hukunci na tafe sai ya nemi hutu. Doka ba ta ce hutu laya ba ce. Abin da za a yi wa mutum ko bai tafi hutu ba, ana iya yi masa bayan ya dawo. Ƙaramin sashe mai malamai 5 kuma, idan ɗaya ya kwanta, sauran ne ke ɗaukar kayansa ba ƙarin kwabo, ɗalibai kuma ba za su jira ba. Gajiyar nan gaskiya ce. Sai dai daga gajiyar ne ƙullin ke tsirowa, kuma waɗanda suka ɗauki kayan su ne za su zauna su jefa ƙuri'a a kansa.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu ilimi, domin sun yarda da bin matakai. Wa'adin kai koke ga EEOC kwana 180 ne, ko 300 a jihohin da ke da tasu hukumar; bayan ta ba da takardar izini kuma, kwana 90 ne a shigar da ƙara. Na FMLA shekara 2 ne, ko 3 idan da gangan aka yi. Daga yaushe ake fara ƙirgawa? Columbus Ricks, ɗan Laberiya, ya fara koyarwa a Kwalejin Jihar Delaware a 1970. A 1974 aka hana shi kujerar dindindin, aka ba shi kwantiragin bankwana na shekara guda. Ya tsaya bin kwamitin koke na cikin gida, yana nan yana koyarwa, sai a 1975 ya je hukuma. A 1980 Kotun Ƙoli ta ce ya makara: agogo ya fara bugawa ran da aka sanar da shi hukuncin, ba ran da ya bar ofis ba, kuma jiran kwamitin cikin gida ba ya tsayar da shi. Mai fama da jiki, wanda yake fatan a sasanta cikin mutunci, shi ne ya fi saurin faɗawa nan. 'Yan uwanmu da ke koyarwa a can da bizar aiki ta H-1B kuma nasu agogon biyu ne, domin idan aikin ya yanke, abin da ke gabansu bai wuce kwana 60 ba su sami wani ko su san inda dare ya yi musu.

Idan an ci shari'ar ma, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. FMLA tana biyan albashin da aka rasa da ruwansa, a ninka shi idan ma'aikatar ba ta nuna ta yi da kyakkyawar niyya ba, amma ba ta biyan ɓacin rai. Alƙalai kuma ba sa son tilasta wa jami'a ta ba mutum kujerar dindindin. Fagen ilimi ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa, wanda ya kai jami'arsa kotu yakan ga ƙofofi suna rufewa ba tare da an ce masa komai ba. Shi ya sa da yawa ke ƙarewa a sulhu, a biya kuɗi a sa hannu a kan yin shiru. Makarantun addini kuma suna da tasu mafitar: Cheryl Perich, malama a wata makarantar cocin Lutheran a Michigan, ta dawo daga jinyar ciwon yawan barci ta tarar an ɗauki wata, ta ce za ta kai ƙara, aka sallame ta. A 2012 Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce ita ma'aikaciyar addini ce, kotu ba ta da hurumi.

Tambayar da lauya zai fara yi wa malami, kafin ma ya ji labarin, ita ce: jami'arka ta jiha ce ko mai zaman kanta? Jihohin Amurka suna da rigar kariya a kundin tsarin mulki, ba a neman diyyar kuɗi a wajensu sai a inda aka buɗe ƙofa. A 2003 Kotun Ƙoli ta ce ma'aikacin jiha da aka tauye wa hutun jinyar matarsa yana iya neman diyya, domin wannan ɓangare na dokar an yi shi ne don yaƙar wariyar jinsi. A 2012 kuma, a shari'ar Daniel Coleman, ma'aikacin wata kotun jihar Maryland, Kotun Ƙolin ta ce idan hutun na ciwon kansa ne, ba diyya. Ka yi jinyar wani a biya ka, ka yi jinyar kanka a ce jiha ba ta taɓuwa. Abin da ya rage wa malamin jami'ar jiha shi ne ya kai ƙarar jami'an da sunan muƙaminsu a tilasta musu mayar da shi aiki, ko ya bi dokar jiharsa, ko ya koma ga Sashe na 504, tunda kotuna sun ce wanda ya karɓi kuɗin tarayya ya tuɓe rigar da hannunsa.

Wadda ta bi wannan hanya daga farko har ƙarshe ita ce Patricia Garrett. Ba malamar aji ba ce, shugabar ma'aikatan jinya ce a ɓangaren mata da jarirai na asibitin Jami'ar Alabama da ke Birmingham, amma sunanta ne a kan hukuncin da ke ɗaure kowane malamin jami'ar jiha. A 1994 aka gano tana da sankarar mama. Aka yi mata tiyata, aka gasa wurin, ta sha magani, ta ɗauki dogon hutu. Da ta dawo a watan Yulin 1995 aka ce mata sai ta sauka daga shugabancin, ta koma muƙami mai ƙarancin albashi. Ta yi ƙara da ADA. A 2001 Kotun Ƙoli, 5 da 4, ta ce ba a neman diyyar kuɗi a wajen jiha da wannan doka. Ta koma ta Sashe na 504, a 2003 kotun ɗaukaka ƙara da ke Atlanta ta ce wannan ƙofar a buɗe take. Aka koma ƙasa aka sake lale. A 2007, shekara 12 da dawowarta aiki, kotun ta yanke cewa wahalar da ta sha ta lokacin magani ce, mai wucewa, saboda haka ba ta cika sharaɗin mai naƙasa ba tun farko. Shekarar da ta biyo baya, 2008, majalisar dokoki ta gyara ADA, ta faɗaɗa ma'anar naƙasa yadda ciwon daji zai shiga ko da ya lafa. Gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2009, kuma bai waiwayi abin da ya faru kafinsa ba.